FASHIN BAƘI: Daga ruwan famfo zuwa gilashin waya, yadda siririyar fuska ke juya akalar ruwa

Ruwan da ke fitowa jajawur daga famfo a tsakiyar damina, da baƙin tabon da ke yaɗuwa a gilashin waya bayan ta faɗi, da tawadar allo da ke kwana a kurtu ba tare da gawayinta ya kwanta ba, abubuwa ne uku da a ido babu abin da ya haɗa su. A wajen masana kimiyyar fiziks kuwa, darasi ɗaya ne. Dukkansu ruwa ne mai ɗauke da ƙananan abubuwa, kuma halinsu ya dogara ne kan abin da ke faruwa a wani siririn wuri da ido ba ya gani, wato fuskar da ruwa ke haɗuwa da wani abu.

Wannan fanni ya samu tambarin girmamawa a 1991, lokacin da aka ba Bafaranshe Pierre-Gilles de Gennes kyautar Nobel ta fiziks saboda aikinsa kan abubuwan da ya kira masu taushi: kiristal mai kwarara, da roba, da makamantansu. Babbar sifarsu ita ce ɗan abu kaɗan kan sauya su gaba ɗaya. Daga nan ne batun ya tsallake ɗakin gwaji ya shiga kasafin kuɗin hukumomin ruwa, da takunkumin tattalin arziki, da gasar masana'antu tsakanin manyan ƙasashe.

Me ya sa fuska ke da wannan ƙarfi?

Amsar tana cikin lissafi mai sauƙi. Dunƙulen abu mai kusurwa, wanda tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk santimita ɗaya ne, yana da fuska shida, jimillar faɗinsu murabba'in santimita 6. Idan aka yayyanka shi zuwa gutsattsari masu girman maikiromita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, faɗin fuskokin zai kai murabba'in mita 6. Idan aka ci gaba da niƙa shi har zuwa nanomita 10, faɗin zai kai murabba'in mita 600, wanda ya fi filin gida na talaka. Nauyin abin bai ƙaru ba, amma wurin da yake taɓa ruwa ya ninka sau miliyan.

A wannan mataki, nauyi ya daina mulki. Tsakuwa tana nutsewa ne saboda nauyinta ya rinjayi duk wani abu da ke faruwa a bayanta. Ƙwayar yumɓu kuwa kusan duk jikinta baya ne, don haka ƙaramin cajin lantarki ko ɗan siririn mayafin wani sinadari a kanta ya isa ya yanke mata hukunci.

Masanin kimiyya ɗan Sikotlan, Thomas Graham, shi ne ya raɗa wa irin wannan gauraye suna koloyid a 1861, daga kalmar Girkanci mai nufin manne. A yau ana nufin duk wani gauraye da ƙwayoyinsa ke tsakanin nanomita ɗaya zuwa maikiromita ɗaya. Madara koloyid ce, haka fenti, da jini, da hayaƙi, da mafi laushin ƙurar hunturu.

Lissafin saurin nutsewa, wanda George Stokes ya tsara a ƙarni na 19, yana nuna bambancin ƙarara. Ƙwayar yashi mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita tana nutsewa zurfin mita ɗaya a kusan minti biyu. Ƙwayar yumɓu mai maikiromita ɗaya tana buƙatar kusan mako biyu. Wadda ta fi ta ƙanƙanta sau goma za ta ɗauki sama da shekara uku, kuma a zahiri ba za ta taɓa kwantawa ba, domin akwai abin da ke ta zungurar ta.

Wannan zunguri shi Robert Brown ya gani a madubin ƙara girma a 1827, ƙananan ƙwayoyi suna rawa a ruwa ba hutawa. Albert Einstein ya bayyana dalilin a 1905: ƙwayoyin ruwa ne da kansu ke bugun su ta kowane ɓangare saboda zafi. Jean Perrin ya tabbatar da lissafin a gwaji daga 1908, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1926 kuma ya rufe bakin masu musun samuwar ƙwayar zarra. A cibiyar Royal Institution da ke Landan, har yau akwai kwalaben ruwan zinare mai launin ja da Michael Faraday ya haɗa a tsakiyar shekarun 1850, zinaren bai gama kwantawa ba.

Ja da turi

Idan ƙwayoyi suna yawo suna cin karo da juna, me ya hana su mannewa su zama dunƙule mai nauyi? Ƙarfi biyu ne ke kokawa a tsakaninsu.

Na farko ja ne. Duk abubuwa biyu da suka kusanci juna sosai suna jan juna da wani ƙarfi mai rauni da ake laƙaba wa sunan Johannes van der Waals ɗan ƙasar Holan. Shi kaɗai da zai manne kowace ƙwaya da maƙwabciyarta.

Na biyu turi ne. Yawancin ƙwayoyin da ke cikin ruwan kogi, yumɓu ne ko ƙwayar cuta, suna ɗauke da caji mai alamar ɗebewa a bayansu. Wannan caji yana jawo ƙananan ƙwayoyin gishiri masu alamar tarawa, waɗanda ake kira ayon, su yi wa ƙwayar rumfa kamar gajimare. Idan ƙwayoyi biyu suka matso, gajimarensu ne ke fara haɗuwa, sai su ture juna tun kafin ja ya samu damar kama su.

Masana huɗu ne suka haɗa lissafin wannan kokawa: Boris Derjaguin da Lev Landau a Tarayyar Sobiyet a 1941, sai Evert Verwey da Theodoor Overbeek a ɗakin binciken kamfanin Philips a Holan, waɗanda littafinsu ya fito a 1948. Yaƙin Duniya na Biyu ya raba su, kowane ɓangare ya yi aikinsa daban, amma suka isa wuri ɗaya. Daga haruffan farko na sunayensu aka samu sunan ƙa'idar, DLVO.

Abin da ya fi muhimmanci a ƙa'idar shi ne kaurin gajimaren. A ruwa mai ƙarancin gishiri yakan kai nanomita 10 ko fiye. A ruwan teku bai kai rabin nanomita ba. Da zarar gajimaren ya tsuke, ja ya yi nasara, ƙwayoyin su dunƙule su nutse. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa koguna ke zubar da laka a inda suka haɗu da teku, kamar yadda ake gani a yankin Neja Delta.

Ba kowane gishiri ke da ƙarfi ɗaya ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Hans Schulze da William Hardy suka lura cewa ayon mai caji uku ya fi mai caji ɗaya iya dunƙula ƙwayoyi nesa ba kusa ba. Ƙa'idar DLVO ta nuna cewa, a yanayin da ƙwayoyin ke ɗauke da caji mai yawa, bambancin kan kai ninki 729. Gishirin miya cajinsa ɗaya ne. Sinadarin alminiyom da ke cikin alif, wanda wasu ke kira alam, cajinsa uku ne.

Mai sana'ar awara tana aiki da wannan doka ko da ba ta san sunanta ba. Madarar waken suya koloyid ce, kuma ruwan tsami ko alif ɗin da take zubawa yana kashe cajin da ke raba ƙwayoyinta, sai su kame. Haka madarar shanu ke zama kindirmo idan tsami ya yi yawa.

Abin da ke faruwa a matatar ruwa

Matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa a Kano suna ɗibar ruwan kogi ne, wanda a damina kan zo da laka mai yawa. Tankin kwantarwa kaɗai ba zai iya da ita ba, domin babu matatar da za ta jira mako biyu. Saboda haka ake zuba alif.

Alif yana aiki ta hanya biyu. Da farko yana narkewa ya samar da sinadarai masu caji mai alamar tarawa, waɗanda ke mannewa a bayan ƙwayoyin yumɓu su kashe cajinsu. Daga nan kuma yana haifar da wani farin abu mai kama da auduga wanda ke share ƙwayoyin yayin da yake sauka ƙasa. Shi ya sa ake motsa ruwan da ƙarfi na ɗan lokaci don alif ya bazu, sannan a motsa shi a hankali don dunƙulen su girma ba tare da sun farfashe ba. Bayan nan sai kwantarwa, sai tacewa ta cikin yashi, sai a zuba kulorin.

Wannan jeri ba ado ba ne. Kulorin ba ya aiki yadda ya kamata a ruwa mai laka, domin ƙwayoyin cuta kan fake a jikin lakar, kuma dattin kan cinye kulorin ɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa gurɓacewar ruwa ta kasance ƙasa da maki 1 a ma'aunin NTU kafin a zuba maganin kashe cuta. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ƙayyade maki 5 a matsayin iyaka, da miligiram 0.2 na alminiyom a kowace lita.

Yawan alif ma ba dabara ba ne. Idan ya wuce kima, yana iya juya cajin ƙwayoyin daga ɗebewa zuwa tarawa, su koma ture juna, ruwan ya ƙi kwantawa. Yana kuma ƙara wa ruwa tsami, alhali ya fi aiki idan ruwan bai yi nisa da tsaka-tsaki ba. Don haka ma'aikatan ɗakin gwaji ke jera kwalabe, su zuba adadi daban-daban a kowace, su ga wadda ta fi washewa. Gwaji ne mai arha, amma dole a maimaita shi duk lokacin da ruwan kogi ya sauya, kamar bayan ruwan sama mai ƙarfi.

Tarihi ya nuna farashin sakaci da wannan mataki, har a ƙasashe masu arziki. A 1993, a birnin Milwaukee na Amurka, ɗaya daga cikin matatun birnin ta kasa riƙe lakar da ke shigowa daga Tafkin Michigan, watanni bayan ta sauya sinadarin da take dunƙula laka da shi. Wata ƙwayar cuta mai suna Cryptosporidium, wadda kulorin ba ya kashe ta da sauƙi, ta wuce cikin bututu. An ƙiyasta mutum 403,000 sun kamu da gudawa. Shekara biyar kafin nan, a Yulin 1988, wani direba ya juye tan 20 na ruwan alif a tankin da bai dace ba a wata matata kusa da garin Camelford na Ingila, ya gurɓata ruwan mutum kimanin 20,000.

A karkara akwai madadin da ya girmi matatun zamani. Matan ƙauyukan gaɓar Kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna daka 'ya'yan zogale su zuba a tulu, al'adar da mai bincike Samia Al Azharia Jahn ta yi rubutu a kanta tun ƙarshen shekarun 1970. Ƙwayar zogale na ɗauke da furotin mai caji mai alamar tarawa, wanda ke yin aikin da alif ke yi. Sai dai washewar ruwa ba ita ce tsarkinsa ba. Ruwan da zogale ko alif ya kwantar har yanzu yana buƙatar tafasawa ko kulorin.

Ƙaro: mai hana haɗuwa

Wani lokacin akasin haka ake so, wato ƙwayoyin su ci gaba da shawagi. A nan ne ƙaro ke shigowa. Gawayi ko kunkunniya idan aka dama su a ruwa zalla, ba da jimawa ba za su dunƙule su kwanta. Idan aka sa ɗan ƙaro, dogayen ƙwayoyinsa kan naɗe kowace ƙwayar gawayi kamar gashi, kuma idan biyu suka matso, gashin ya hana su taɓa juna. De Gennes ya sha kawo wannan misali a laccocinsa ga ɗalibai, yana danganta dabarar da marubutan tsohuwar Masar. Ita ce dai dabarar da almajiri ke bi idan yana haɗa tawada.

Masana'antun lemon kwalba na neman ƙaro don wannan dalili. Man ƙamshin lemo ba ya narkewa a ruwa. Ƙaro yana da ɗan ɓangare na furotin da ke kama ɗigon mai, da babban ɓangare na dangin sukari da ke miƙewa cikin ruwa, don haka ɗigon ba sa haɗewa su taso saman kwalba. A jikin kwalabe da fakitoci ana rubuta shi da lamba E414.

Mafi ingancin ƙaro daga itacen dakwara yake fitowa, kuma Sudan ce kan gaba a duniya wajen samar da shi, sai Chadi da Najeriya, inda ake samun sa a jihohi irin su Yobe, Borno da Jigawa. Muhimmancinsa ya kai ga lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, an bar wa ƙaro ƙofa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya shafi Kordofan da Darfur, cibiyar noman dakwara, ya kuma jefa masu saye cikin fargaba.

Akwai abin lura a wannan ciniki. Faransa, wadda ba ta da dajin dakwara, tana cikin manyan masu fitar da ƙaron da aka sarrafa, ta hannun kamfanoni irin su Nexira da Alland & Robert. Ɗanyen ƙaro ake saya daga yankin Sahel, a narkar, a tace, a busar da shi ya zama gari mai tabbataccen hali, sannan a sayar da tsada. Ƙarin kuɗin ladan sanin yadda ƙaro ke zama a bayan ɗigon mai ne, da iya tabbatar wa mai saye cewa kowane buhu zai yi aiki iri ɗaya.

Ruwan da ke da alƙibla

Ɗaya ɓangaren fannin ya faro ne daga wani abin mamaki a birnin Prague a 1888. Masanin tsirrai Friedrich Reinitzer yana ɗumama wani sinadari dangin kolestarol sai ya ga yana narkewa sau biyu. A digiri 145.5 ya zama ruwa mai duhu-duhu, a digiri 178.5 kuma ya washe tas. Ya aika samfuri ga Bajamushe Otto Lehmann, wanda ya gano cewa ruwan mai duhun yana sarrafa haske kamar yadda kiristal ke yi, alhali yana zuba kamar mai. Daga nan sunan ya samo asali, kiristal mai kwarara.

Sirrin yana cikin siffar ƙwayoyin sinadarin. Dogaye ne kamar sanduna, tsawon kowace kusan nanomita 2. A daskararren kiristal, kowace sanda tana da mazauninta da alƙiblarta. A ruwa na yau da kullum babu ko ɗaya. A tsakani akwai yanayin da sandunan ke yawo ba mazauni, amma galibinsu suna fuskantar gefe ɗaya, kamar ashana a cikin kwali da ake girgizawa. Georges Friedel ya rarraba ire-iren wannan yanayi a 1922, kuma mafi sauƙinsu, wanda ya kira nematik, shi ne ke cikin gilashin waya.

Tambayar ita ce, wace alƙibla za su fuskanta? A tsakiyar ruwan babu gefen da ya fi wani, don haka bango ne ke zaɓa. A 1911 Charles Mauguin ya lura cewa gilashin da aka goga ta gefe ɗaya yana sa sandunan su kwanta ta wannan gefen, kuma Pierre Chatelain ya zurfafa binciken a shekarun 1940. Sahun farko na sandunan yana bin bango, sahu na biyu ya bi na farko, a haka umarnin ke ratsa dubban sahu.

Yadda gilashin waya ke aiki

Gilashin da ake kira LCD falle biyu ne na gilashi, tazararsu kimanin maikiromita 3 zuwa 5, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin mutum. A cikin kowane falle akwai shafen wani sinadari mai ɗaukar lantarki wanda haske ke ratsawa, sannan a samansa wani siririn shafen roba mai kaurin kusan nanomita 100. Shekaru da dama, hanyar da masana'antu ke bi don ba wa wannan roba alƙibla ita ce goga ta da ƙyallen karan-miski da aka naɗa a jikin sanda mai juyawa. A yau wasu na amfani da haske maimakon ƙyalle.

Tsarin da ya buɗe kasuwa shi ne wanda Martin Schadt da Wolfgang Helfrich suka nemi rajistarsa a Suwizalan a Disambar 1970, yayin da James Fergason ke kan irin wannan aiki a Amurka. Ana goga falle ɗaya daga hagu zuwa dama, ɗayan daga sama zuwa ƙasa. Sandunan da ke tsakani, don su yi wa bango biyu biyayya, sai su murɗe kamar matakalar hasumiya. A waje kuma akwai rariyar haske biyu, kowace tana barin hasken da ke kaɗawa ta gefe ɗaya kawai, an kuma ɗora su a gicciye. Da babu komai a tsakaninsu, haske ba zai wuce ba. Amma murɗaɗɗun sandunan suna juya hasken tare da su, sai ya fita ta rariya ta biyu.

Idan aka saka lantarki na 'yan bolt kaɗan, sandunan tsakiya sai su miƙe tsaye, murɗin ya warware, haske ya tsaya, wurin ya yi baƙi. Masanin Rasha Vsevolod Fréedericksz ya nuna tun ƙarshen shekarun 1920 cewa akwai wani mizani da dole ƙarfin waje ya wuce kafin ya rinjayi riƙon bango. Da an ɗauke lantarkin, bangon da bai taɓa sakin sahun farko ba zai jawo sauran su koma yadda suke. Ba don wannan riƙo ba, hoto zai kunnu ya ƙi gogewa. Wayoyin zamani na amfani da tsare-tsaren da suka fi wannan inganci, amma duk sun dogara da bango.

Waya mai ɗigo 720 a faɗi da 1,600 a tsawo tana da ɗigo 1,152,000, kowane an raba shi uku, ja da kore da shuɗi, wato ƙananan tagogi sama da miliyan uku. Idan gilashin ya tsage, tazarar ta lalace, iska ta shiga, sandunan suka rasa mai ba su umarni, sai a ga baƙin tabon da masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre ke kira tawada. Manyan wayoyi masu tsada da yawa sun koma fasahar OLED, wadda ɗigonta ke fitar da haske da kansu, amma mafi yawan wayoyi masu sauƙin kuɗi da talabijin da kwamfutoci har yanzu LCD ne.

Zafi ma yana da hannu. Sinadarin da George Gray da abokan aikinsa suka haɗa a Jami'ar Hull ta Ingila a 1972, wanda ya sa wannan fasaha ta yiwu a zafin ɗaki, yana komawa ruwa na yau da kullum a kusan digiri 35. Da shi kaɗai ake amfani, da gilashin waya ya mutu a bazarar Sakkwato ko Maiduguri. Saboda haka kamfanoni ke gauraya sinadarai goma ko fiye don su jure zafin da ya zarce haka sosai.

Inda rassan biyu suka haɗu

Koloyid ma kan zama kiristal mai kwarara. A 1936 masu bincike a Ingila suka ga cewa ƙwayar cutar da ke kama ganyen taba, wadda siffarta sanda ce, tana jeruwa a ruwa idan ta yi yawa. Lars Onsager ya bayyana dalilin a 1949: idan sanduna suka cunkushe, jeruwa ce ke ba kowace sararin motsi, ko da babu wani ja a tsakaninsu.

Ana kuma iya juya lamarin, a zuba ƙwayoyi cikin kiristal mai kwarara. A 1997 Philippe Poulin da abokan aikinsa suka nuna cewa ɗigon ruwa a cikin nematik suna jera kansu kamar carbi, domin fuskar kowane ɗigo tana karkatar da sandunan da ke kewaye da shi. Wannan saurin jin taɓawa ne ya sa masu bincike irin su Nicholas Abbott a Amurka ke ƙera na'urorin gano guba da ƙwayoyin cuta da shi. Ƙwayoyi kaɗan idan suka sauka a bango sukan sauya alƙiblar sahun farko, sauyin ya ratsa dukkan ruwan, ya zama launin da ido ke gani ba tare da batir ba.

Wa ya ci riba?

Kamfanin RCA na Amurka ne ya fara nuna wa duniya gilashin LCD a 1968, ƙarƙashin jagorancin George Heilmeier, amma shugabanninsa ba su zuba jari yadda ya kamata ba, kuma a 1976 suka sayar da sashen. Kamfanin Sharp na Japan ya fitar da kalkuleta mai irin wannan gilashi a 1973. Daga Japan masana'antar ta koma Koriya ta Kudu da Taiwan, daga nan zuwa Sin, inda gwamnati ta tallafa wa kamfanoni irin su BOE. Samsung ya daina ƙera LCD a 2022, Sharp kuma ya rufe layin manyan gilasai na masana'antarsa ta Sakai a 2024. Sin ce ke samar da fiye da rabin tataccen indiyom na duniya, ƙarfen da ake yin shafen lantarkin gilashin da shi, kuma a Fabrairun 2025 ta sanya wasu kayayyakin indiyom cikin jerin waɗanda sai da izini ake fitarwa.

Tsakanin abin da Reinitzer ya gani da kalkuletar Sharp akwai shekara 85, kuma a mafi yawansu babu wanda ya san amfanin abin. Jami'o'i ne da ɗakunan bincike suka riƙe shi har ranar da kasuwa ta zo nema.

Ƙera gilashin waya yana buƙatar jarin biliyoyin dala. Sauran rassan wannan ilimi ba su kai haka tsada ba, kuma suna kusa da gida. Tace ƙaro da auna ingancinsa aiki ne da ke cikin ikon jami'a mai ɗakin gwaji mai aiki, kuma Cibiyar Binciken Roba ta Najeriya tana da reshen ƙaro a Gashuwa. A ɓangaren ruwa kuwa, akwai tambayoyin da kowane ɗan jiha ke da damar yi wa hukumar ruwa a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ko takwararta ta jiha: tan nawa na alif aka saya a bana kuma nawa ya isa matata, sau nawa ake gwajin kwalabe a damina, kuma maki nawa ma'aunin NTU ya nuna a ruwan da ya bar matata jiya. Matatar da ke aiki bisa ƙa'ida tana rubuta waɗannan alƙaluma kowace rana a littafin ɗakin gwajinta.